Dafaddu: baƙon da ke zama a jikin bishiya ba tare da ya cuce ta ba

A kusan duk gidan da ke da bishiya akwai wani wuri da aka riga aka sallama, wato gindin mangwaro ko darbejiya. An shuka tumatir ya yi tsawo ya kwanta, an gwada fure ya ƙi fitar da fure, daga ƙarshe wurin ya koma ma'ajiyar tsohon turmi da fasassun bokitai. Har takan kai maigida ya fara maganar a sare bishiyar, tunda ba abin da ke yi a ƙarƙashinta. Kafin a kira mai gatari, ki ba ni aron hankalinki. Akwai tsirran da inuwar nan ita ce gidansu, kuma ɗaya daga cikin mafi kyawunsu ɗan ƙasarmu ne. Sunansa dafaddu.

Idan ba ki taɓa jin sunan ba, ba ke kaɗai ba ce. Tsohon suna ne da ya fara ɓacewa daga bakin mutanen birni. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya sanya shi cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya wallafa a 1916. Masana kimiyya na kiran dangin da suna Platycerium, kuma akwai ire-irensa wajen 18 a duniya. Biyu daga ciki sun fi shafarmu. Na farko shi ne Platycerium elephantotis, mai faffaɗan ganye kamar kunnen giwa, wanda ke fitowa a kurmin bakin rafi tun daga Afirka ta Yamma har Sudan da Uganda da Angola. Na biyu shi ne Platycerium stemaria, mai ganye a rarrabe kamar ƙaho, wanda ya fi son dazuzzukan kudu masu ruwa da yawa, irin na kudancin Najeriya da Gana da Kamaru. Ki rubuta waɗannan sunaye a wayarki ki duba hotunansu, za ki ga dalilin da ya sa masu sha'awar lambu a Amurka da Turai ke biyan kuɗi su mallaki abin da ke rataye kyauta a kurminmu.

Ba kauci ba ne

Duk wanda ya ga tsiro a jikin bishiya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kauci, kuma yana da hujjar tsoro. Kauci cima-zaune ne. Tsuntsu ke ɗauko irinsa mai danƙo ya manna a reshe, shi kuma ya huda ɓawo ya shiga cikin itacen yana zuƙar ruwan bishiyar. Mun sha ganin yadda yake raunana ɗorawa da kaɗanya da lemo.

Dafaddu ba haka yake ba. Saiwarsa a bayan ɓawo take tsayawa, riƙo kawai take yi. Wurin zama yake nema a jikin bishiyar, abincinsa kuma shi ke haɗa wa kansa. Yadda yake yin haka shi ne sirrin kula da shi, don haka bari mu tsaya a nan kaɗan.

Ganye iri biyu gare shi. Na farko yana manne da jikin bishiya kamar garkuwa, bakinsa na sama a buɗe kamar kwando. Duk busasshen ganyen da ya faɗo, da ƙura, da kashin tsuntsu, da ruwan sama, cikin kwandon nan suke taruwa su ruɓe su zama taki. Garkuwar takan fito koriya shar, bayan wasu watanni ta bushe ta koma ruwan ƙasa, sabuwa ta fito ta rufe ta. Shekara bayan shekara sai su zama wani kauri mai laushi kamar soso, wanda ke riƙe ruwa, kuma a cikinsa saiwar take. Ganye na biyu shi ne wanda ke zubowa ƙasa, shi ne adon, kuma idan tsiron ya girma yakan wuce rabin mita. Tsakanin ganyayen biyu akwai wani ɗan ƙullutu mai gashi-gashi. Wannan shi ne idon tsiron, daga nan kowane sabon ganye ke fitowa. Idan idon ya lalace, wannan kan ya tafi ke nan.

Dafaddu ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri irin wanda muka saba gani. Yana cikin wani babban dangi na tsirrai marasa fure, sama da iri dubu 10, waɗanda ke haihuwa ta hanyar wata ƙura mai laushi da ke fitowa a bayan ganye.

Garinki zai karɓe shi?

Gara mu faɗa wa juna gaskiya tun kafin ki kashe kuɗi. Wannan ɗan kurmi ne, laimar iska yake so. Idan kina Kaduna, Abuja, Minna, Jos ko Kumasi, aikinki mai sauƙi ne, don damina na da tsawo kuma ruwan shekara ya wuce milimita 1,000. 'Yan Jos dai su kula da daren Disamba da Janairu, saboda mai kunnen giwa ba ya jure sanyi mai tsanani.

Idan kina Kano, Katsina ko Bauci, zai yiwu, amma sai da lura. A lokacin hunturu laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma wannan ne babban gwajin. Sai a gidan da ke da katanga mai tare iska da bishiya mai cikakkiyar inuwa.

Idan kuwa kina Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, kada ki ɗaura shi a bishiya. Ki ɗaura shi a kan katako wanda za ki iya ɗauka ki shigar da shi baranda ko kusa da tagar banɗaki idan iska ta bushe. In kuma ruwan sha ma sai an saya a garuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai tsirran ado masu jure ƙishi da za su fi dacewa da gidanki, kuma za mu zo kansu a wani makon.

Inda za ki samo shi

Nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Idan kin je wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ki nuna musu hoton. Sau da yawa wanda za su fito miki da shi ɗan Ostireliya ne, Platycerium bifurcatum, mai siraran ganye a rarrabe kamar ƙahon barewa. Kada ki raina shi, ya fi sauran juriya, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa.

Abin da za ki guje wa shi ne ƙaton dafaddun da aka ɓamɓaro daga daji. Za ki gane shi da yagaggiyar garkuwa, da guntun ɓawon wata bishiya manne a bayansa, ba tukunya ba katako. Irin wannan ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai haka, kuma da yawansu ba sa rayuwa bayan an yage saiwarsu. Ke kin yi asarar kuɗi, kurmi ya yi asarar tsiro, mai sayarwa kuma gobe ya koma ya ɓamɓaro wani tunda ya ga akwai kasuwa. Cire tsiro daga gandun daji na ƙasa irin su Gashaka-Gumti ma laifi ne a doka.

An taɓa yin irin wannan a wata ƙasa, kuma an ga ƙarshensa. A Ingila, daga wajen 1840 har kusan ƙarshen ƙarni na 19, mutane sun haukace da tara tsirran wannan dangi. Mata da 'yan mata na fita daji da kwanduna, 'yan kasuwa na tono su suna kaiwa Landan. A 1855 marubuci Charles Kingsley ya raɗa wa abin suna da ke nufin haukar tara waɗannan tsirrai. Wani iri mai siririn ganye da ke fitowa a yankin Killarney na ƙasar Ayalan saura ƙiris ya ƙare saboda masu tara shi, kuma yau doka ce ke kare shi. Son abu ne ya kusa kashe shi. Mu da kurminmu ke ta raguwa saboda gawayi da noma, bai kamata mu ƙara masa wani nauyin ba.

Hanya mai kyau ita ce ɗa. Dafaddun da ya ji daɗin wuri yakan fitar da ƙananan 'ya'ya a gefensa daga saiwa. Idan wata ƙawa ko maƙwabciya na da shi, ki roƙe ta ɗaya. A bari garkuwar ɗan ta kai faɗin tafin hannu, sannan a sa wuƙa mai kaifi kuma mai tsabta a yanko shi tare da ɗan kaurin sosonsa da saiwa. Farkon damina ne lokacin yin wannan.

Yadda za ki ɗaura shi

Ki fara zaɓen bishiya. Wadda ake so ita ce mai kaushin ɓawo kuma ba ta zubar da ganye duka da rani: mangwaro, darbejiya, tsamiya ko maɗaci. Ki bar gwaiba da bishiyar turare, don ɓawonsu na saɓulewa, zai faɗo tare da tsiron. Kuka ma ba ta dace ba, jikinta sulɓi ne kuma tsirara take kwana duk rani.

Sai wuri a jikin bishiyar. Yana son haske amma ba ya son rana ta dake shi. Ki nemi inda hasken safe ke ratsowa ta tsakanin ganye, ki guji ɓangaren yamma inda ranar la'asar ke ƙuna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ki duba inda katanga ko ɗaki zai tare masa ita. Tsawon kuma ya wuce inda akuya za ta kai idan ta miƙe a kan ƙafa biyu, amma kada ya wuce inda hannunki zai kai da buta.

Kayan aikin duk kina da su ko suna kusa:

Zaren ɓawon kwakwa, a jiƙa shi kwana biyu ana canza ruwa don gishirin jikinsa ya fita. Idan babu, soson gargajiya wanda ba a taɓa sa masa sabulu ba zai yi.

Ruɓaɓɓen ganye cike da hannu biyu, da 'yan gutsattsarin gawayi.

Tsohon gidan sauro da aka yanka tsiri-tsiri, ko tsohuwar safa mai talewa.

Ki dunƙula zaren da ruɓaɓɓen ganyen ki yi masa matashi a jikin bishiya. Ki ɗora tsiron a kai, bakin garkuwa na kallon sama. Sai ki naɗe da tsirin gidan sauron, kina bi ta kan garkuwar sama da ƙasan ido, ba tare da kin rufe idon ba. Ki ɗaure har ya daina motsi idan kin taɓa shi, don saiwar da ke girgiza ba ta kamawa. Kada ki yi amfani da waya, tana cin jikin bishiya yayin da take ƙiba, ta jan ƙarfe kuma tana cutar da tsiron. Ƙusa ma ba ta da amfani a nan. Bayan wasu watanni sabuwar garkuwa za ta fito ta rufe ɗaurin, daga nan ya kama da kansa.

Shayarwa: ki bi lokutan shekara

A kurmi ba kullum yake shan ruwa ba. Yakan sha ya ƙoshi da damina, ya yi lamo da rani, ya farfaɗo idan hadari ya dawo. Haka za ki bi da shi.

Da damina ki ƙyale shi, sai dai in an yi mako guda ba ruwa. Wannan ne kuma lokacin ciyar da shi. Ɗan busasshen kashin shanu da ya ruɓe sosai, kamar cikin cokali biyu, a zuba a bayan garkuwa sau ɗaya a wata ya isa. Za ki ji ana cewa a cusa masa ɓawon ayaba. Ba ya cutar da shi, amma yana kiran ƙuda da tururuwa, don haka in za ki sa, ki shanya shi tukuna kuma ɗan kaɗan. Takin zamani na gona ya yi masa ƙarfi, yana ƙona saiwa.

Da hunturu da bazara, hannunki ne ma'auni. Ki zura yatsa a bayan garkuwa. In kin ji danshi, ki bari. In kin ji ya bushe, ki zuba ruwa a hankali ta sama har ya riƙa ɗiga ta ƙasa. A yawancin gidaje wannan kan zama sau ɗaya ko biyu a mako, ya ƙaru idan zafi ya tsananta. Da safe ake yi, don idon ya bushe kafin dare. Wanda ke kan katako kuma, ki tsoma katakon cikin baho na kamar minti 15, ki bar shi ya tsane kafin ki mayar. Ruwan sama ya fi, sai na rijiya ko famfo marar gishiri. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada ya kusance shi.

Ganye ya yi laushi ya langaɓe, ƙishi ne, kuma yakan miƙe bayan ya sha. Amma idan kika ga baƙi-baƙi na bazuwa daga gindin ganye kusa da ido, ruwa ne ya yi yawa, ki ɗaga masa ƙafa har ya bushe. Ƙishi yana da magani cikin kwana guda, ruɓa kuwa sau da yawa ba ta da shi.

Inda tsabta ke yin ɓarna

Mu mata an san mu da son gyara, kuma a nan ne dafaddu ya fi shan wahala a hannun masu ƙaunarsa. Abubuwa uku ne ke kama da datti a jikinsa alhali rayuwarsa ce.

Busasshiyar garkuwa mai ruwan ƙasa ba matacciyar aba ba ce da za a ɓare. Ita ce rumbunsa kuma ita ce randarsa. Ki faɗa wa mai taya ki aiki da yaran gida tun ranar farko.

Farin gari-gari da ke kan ganye ba ƙurar hunturu ba ce. Ƙananan gashi ne da ke rage masa asarar ruwa, kuma idan aka goge ba ya dawowa a wannan ganyen. In ƙura ta yi yawa, ki yayyafa ruwa a hankali, ban da tsumma, ban da man sa ganye ƙyalli.

Shimfiɗar ruwan ƙasa mai laushi da ke bayan ganye wajen ƙarshensa ba cuta ba ce. Ƙurar haihuwarsa ce, kuma alama ce cewa ya balaga yana cikin ƙoshin lafiya. Ƙwarin da ke damunsa daban suke: wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a warwatse, ko wasu farare kamar auduga a lungun ganye. Waɗannan ki cire su da tsinke mai auduga a kai. Maganin feshin ƙwari mai ƙarfi yana ƙona ganyensa.

Yara da dafaddu

Ba a san shi da guba ba, amma ba abin ci ba ne, kuma tsayin da kika ɗaura shi ya riga ya raba shi da mai rarrafe. Abin lura biyu ne. Kwandon nan wurin ɓuya ne ga tururuwa da sauran ƙwari, har kunama na iya samun mafaka, don haka yara kada su riƙa zura hannu, ke ma ki fara bubbuga shi da tsinke kafin ki sa yatsa. Na biyu, tsohon dafaddu da ya tara 'ya'ya yana da nauyi ƙwarai idan ya sha ruwa. Kada ki ɗaura shi saitin inda ake shimfiɗa wa jariri tabarma, kuma ki riƙa duba ɗaurinsa kafin iskar farkon damina.

Akwai kuma darasin kimiyya kyauta a jikinsa. Idan shimfiɗar bayan ganyen ta yi duhu ta nuna, ki yanki ɗan guntu ki kifa a kan farar takarda a ɗaki marar iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu yara za su ga ƙura ta zubo. Ku sami robar abinci mai murfi wadda ake ganin cikinta, ku zuba ɗan ruɓaɓɓen zaren kwakwa, ku kwarara masa tafasasshen ruwa don kashe funfuna, ke da kanki za ki yi wannan ɓangaren. In ya huce ku barbaɗa ƙurar, ku rufe, ku ajiye inda haske ke zuwa ba rana ba. Bayan makonni za ku ga kore-kore ya shimfiɗu, sannan wasu 'yan fale-falen ganye da ba su kai farce ba. Daga jikinsu ne ainihin dafaddu zai fito bayan watanni. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Hofmeister ne ya bayyana wannan zagaye na rayuwa a 1851. Dabarar rufaffen mazubin kuma ta samo asali daga wani likitan Landan, Nathaniel Ward, wanda a 1829 ya ga irin wannan tsiro ya fito da kansa a cikin rufaffiyar kwalba. Kafin wanda kuka shuka ya isa ɗaurawa a bishiya za a yi shekaru. Yaron da ya fara da ke yana aji uku na firamare zai iya ɗaura shi da hannunsa yana shirin shiga sakandare.

Sauran gindin bishiyar

Da zarar dafaddu ya zauna a sama, ƙasan ma zai nemi gyara. Citta da gangamau suna yi a inuwa mai ratsin haske, kuma ga amfani a kicin. Gwaza na ba da faffaɗan ganye mai kyau, sai dai ɗanyensa na sa ƙaiƙayi, don haka a nesa da wurin wasan yara. Busasshen ganyen da ake sharewa a ƙona, ki riƙa barin ɗan siriri a gindin shukokin don ya riƙe danshi, amma kada ya yi tudun da maciji zai samu wurin kwanciya. Randar ƙasa a gindin bishiyar tana ɗan sanyaya wurin kuma ga ruwan shayarwa a kusa, sai dai ta kasance a rufe kullum saboda sauro da ƙananan yara. Tsirran da ke tare suna taimakon juna riƙe laima, kuma da haka ne lungun da aka sallama ke zama ɗan ƙaramin kurmi. Bishiyar da ake shirin sarewa kuma ta sami mai kare ta, don ba wanda zai ɗaga gatari a kan abin da ya zama adon gida.

Yanzu saura ku. Wadda ta taso a ƙauyen da ke kusa da kurmi, da wane suna kuke kiran wannan tsiro a wajenku? Ki tambayi Inna ko Kaka, ki rubuto mana a ƙasa tare da sunan yankin, don kada sunayen su ɓace. Wadda kuma take da shi a gida, ta faɗa mana garin da take da yadda ya tsallake hunturun bara, saboda 'yar'uwar da ke shirin farawa ta amfana.